Mahaifiyata Ta Dage Sai Na Kulle Ta

Zuwa ga Anti Darlene,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mahaifiyata ta dage sai na kama ta na kulle, ni kuwa ko gadon da zan kwantar da ita ba ni da shi. Ba zan faɗi sunana ba. Abin da zan iya cewa kawai, ni ne zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan wata gunduma a yammacin Oklahoma, kuma gidan yarin gundumar a hannuna yake. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Da matata nake shawara, to yanzu ta koma ɓangaren Mama.

Gidan yarinmu tun zamanin kakana aka gina shi. Gado goma sha huɗu ne, yau mutum ashirin da uku ke ciki. Ɗakin da muke ajiye kayan shaida ma mun shimfiɗa katifu a ciki, har wani ɓarawon shanu yana kwana kusa da igiyar da aka kama shi da ita. Idan wuri ya ƙare sai mu kai sauran zuwa gundumar da ke maƙwabtaka da mu, su kuwa kuɗin kwana suke karɓa kamar otel. Mai duba gidajen yari na jiha ya zo ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce ko mu gyara ko ya rufe.

A arewacin gundumar kuma rijiyoyi sun lalace. Ruwan ya yi gishiri, ya yi ja, in kika wanke farar riga da shi sai ta fito kalar tsatsa. Mutane tanki suke ɗora wa a-kori-kura su shigo gari su sayi ruwa. Can Mama take, shekararta saba'in da takwas, ita kaɗai a gona tun rasuwar Baba, da kajinta da 'yan shanunta. Na ce ta dawo gari wurinmu, ta ce ranar da za ta bar gonar nan a kwance za a fitar da ita.

Bana da aka zo kasafin kuɗi, abin da ke asusun gunduma aiki ɗaya zai iya: ko sabon gidan yari, ko a ja bututun ruwa zuwa arewa. Kwamishinoninmu uku ne. Ɗaya yana tare da ni, ɗaya yana tare da masu ruwa, na ukun, Mista Harlan Stucky, ya ce yana nazari. Tun da ya fara nazarin nan kowane ɓangare ke kai masa soyayyar kaza da kek ɗin tuffa. Sau biyu yana ɗage ƙuri'a, kuma na lura ya sayi sabon bel, tsohon ya matse shi.

A taron jama'a ne na kwafsa. Na tashi na yi bayanin sabon ginin, daɗin baki ya ɗebe ni, na ce za a sa shawa mai ruwan zafi da injin wanki kamar yadda dokar jiha ta tanada. Ban san Mama tana kujerar baya ba. Ta miƙe, ta kira ni da cikakken sunana guda uku, yadda take yi in na yi laifi tun ina yaro, ta ce, "Wato ɓarawon shanu zai yi wanka da ruwan zafi, ni da na haife ka ina goge jiki da tsumma a kwano? To zo ka kama ni, ga hannuna." Jama'a suka yi ta tafi. Na ɗauka wasa take yi.

Washegari ta ajiye motarta da tankin ruwa a bakin ƙofar kotu, ta zauna a ciki tana jira. Na zo na matsar da motar da kaina, ta ce ni matsoraci ne. Bayan nan ta shiga gidan abincin Verna, ta jefa kwalbar gishiri a jaka a gaban kowa, ta buga wa ofishina waya ta ce an yi sata. Da yarana 'yan sanda suka je, Verna ta ce kyauta ta ba ta, har ta ƙara mata da ta barkono. Mama ta yi mako ba ta yi mata magana. Ta bi titi ta tumɓuke allunan kamfe ɗina masu hotona, ta lilliƙe akurkin kajinta da su. Laifi ne a doka, amma mai allunan ne zai shigar da ƙara, mai allunan kuwa ni ne. Yanzu duk wanda ya wuce gonar sai ya ga fuskata tana murmushi a bayan kaji.

Da ƙyar ta samu wani sabon ɗan sandan hanya, wanda bai san ta ba, ya rubuta mata tara saboda ta tuƙa tarakta a tsakiyar gari ta hana kowa wucewa. Ta yi ado ta je kotu da 'yar jakar kayanta. Ta ce wa alƙali ba za ta biya ba, a ba ta kwana uku. Alƙalin ya dube ta, ya dube ni, ya zaro walat ɗinsa ya biya tarar da kansa. Ta ce masa, "Ai tun kana ajina a makarantar Lahadi na san ba za ka yi amfani ba."

Daga nan ta daina jiran a kama ta. Wata Talata sai ga ta a ofishinmu da tawul da sabulu, da ƙawayenta uku na ƙungiyar matan coci. Mataimakina Cletus, ƙato ne da ke kayar da bijimi, amma ita ta koya masa karatu, bai iya cewa komai ba sai "To, Malama." Ya buɗe musu banɗakin ma'aikata. Yanzu duk Talata sai sun zo, sun kai su tara, kuma ba sa zuwa hannu rabbana. Burodin masara da wake da nama suke kawo wa 'yan kurkuku. Wani da wa'adinsa ya cika ranar Litinin ya roƙe ni in bar shi ya kai Laraba. Kin ga maimakon a ragu, cunkoso ƙaruwa yake yi.

Duk wannan da na iya haƙuri. Amma makon jiya ta ɗauko sifanar Baba, ta kwance famfon 'yan kwana-kwana da ke gaban kotu da rana tsaka, ta cika wa maƙwabtanta shida tankunansu, sauran ruwan ya malale har cikin shagon aski. Hukumar ruwan gari ta kai ƙara. Lauyan gunduma ya miƙo mini takardar kamu, tana cikin motata yanzu haka. In na kulle ta, sai na saki ɓarawon shanun don ta sami katifa. In na ƙi, abokin takarata a zaɓen Nuwamba ya riga ya fara yawo yana cewa doka ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Ga abin da ya fi damuna, Anti. Jiya matata ta gaya mini cewa a watan Janairu Mama ta zame a kan ƙanƙara tana sauke tiyo daga tanki, ta daɗe a ƙasa kafin ta iya tashi, ta kuma sa matata ta yi alkawarin ba za ta faɗa mini ba. Amma kuma a watan nan aka fasa wa ɗaya daga cikin yarana haƙarƙari yana raba faɗa a ɗakin da aka cusa mutum shida a wurin mutum biyu. Shi ma yana da uwa. An ce wata mai zuwa dole Mista Stucky ya jefa ƙuri'a. In kama ta? In janye maganar gidan yarin? Ko in ajiye aikin in koma kiwo?

Naki,
Ɗan da Ya Rasa Ta Cewa

*

Ranka ya daɗe,

Na gode da ka ɓoye sunanka. Gunduma ɗaya shugaban 'yan sanda ɗaya gare ta, kuma ba na jin akwai biyu da hotonsu ke gadin kaji, amma zan yi kamar ban gane ba.

Mu fara da takardar da ke motarka. Fitar da ita yau. Kada ka kama mahaifiyarka, kada kuma ka ɓoye takardar, domin duka biyun za su zame maka abin gori har ka tsufa. Ka mayar wa lauyan gunduma, ka ce wadda ake tuhuma uwarka ce, a nemi wani jami'i daga waje. Laifi irin wannan sammaci ya ishe shi, ba sai da ankwa ba. Ta je kotu, ta biya kuɗin ruwan da ta zubar, ta ba mai aski haƙuri. Ka roƙi alƙalin nan ya bar walat ɗinsa a gida. Mama ta yi laifi, kuma ta sani, ai shi ta fito nema. Wankan Talata ma ya tsaya haka. In ɗaya daga cikin tsofaffin nan ta zame a banɗakinku, kuɗin diyya kaɗai zai cinye bututun da gidan yarin gaba ɗaya.

Sai dai tana da gaskiya a kan ruwa. Kai ma kana da gaskiya a kan gidan yari. Cusa mutum shida a ɗakin mutum biyu ba daidai ba ne ko da shanun duniya suka sata, kuma haƙarƙarin yaronka ba abin wasa ba ne. Kuskurenka shi ne ka yarda aka haɗa ka kokawa da uwarka, 'yan siyasa suna gefe suna kallo, ɗayansu yana tauna cinyar kaza.

Saboda haka ku shiga taro na gaba tare, kai da ita, a benci ɗaya. Ku nemi a fara da bututun. Ruwan ƙauye yana cikin ayyukan da jiha da tarayya kan taimaka da rance ko tallafi in gunduma ta ajiye nata kason, don haka kuɗin da ke hannu zai iya jawo wasu. Ku sa akawun gunduma ya bincika kafin ranar. Gidan yarin kuwa, ka zauna da alƙali da lauya ku duba mutum ashirin da ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Zan yi mamaki in ba a sami waɗanda tara kawai suka kasa biya ba, waɗanda share titi zai fi musu amfani da kwana a katifarka. Ka kai wa mai duba na jiha wannan shiri a rubuce ka nemi lokaci. Sannan a kai maganar sabon ginin gaban masu zaɓe, su yanke ko za su yarda da ɗan ƙarin haraji. Wannan karon in ka tashi jawabi, ka yi maganar lafiyar ma'aikatanka, ka bar ruwan zafi ya huta. Matar da ta iya tara tsofaffi tara da tawul duk Talata za ta iya tara maka ƙuri'a, in ka fara ba ta nata.

Mista Stucky kuma a daina ciyar da shi. Ɓangarorin biyu ku haɗa baki: ko ɓawon burodi kada ya ƙara gani sai ya ɗaga hannu. Za ka ga yadda nazari ke ƙarewa da wuri.

Bututu ba ya isa gona a wata ɗaya, sanyi kuwa zai dawo kafin ya isa. Daga Asabar ɗin nan kai ne mai ɗebo mata ruwa, kai za ka sauke tiyo, ba Cletus ba, ba matarka ba. Kada ka yi mata faɗa a kan faɗuwar da ta ɓoye, kada ka sake ambaton dawowa gari. Ka cika tankin, ka zauna ka ci abin da ta dafa, ka bar ta ta yi maka masifa har ta gaji. Ina zargin rabin wannan rigimar ta ruwa ce, rabin kuwa hanya ce da tsohuwa ta samu ta ga ɗanta a tsakiyar mako.

Kiwo kuma ka manta da shi tukuna. Wataƙila ka ci zaɓen Nuwamba, wataƙila ka faɗi, ban sani ba. Masu son kujerarka suna da yawa a gundumar nan, amma ban ji wanda ya fito takarar zama ɗanta ba.

Allah ya ba ta lafiya da tsawon rai, ya ba yaronka sauƙi, kai kuma ya ƙara maka haƙuri, don za ka buƙace shi.

Taka,
Anti Darlene