Asabar da Lahadin Baban Hafsa

Rumuokoro, Fatakwal.

Zuwa ga Yaya Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ba ya gajiya, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba. Hafsa na ɗakinta, cikin ya shiga wata bakwai. Abdulhafiz yana Inugu wurin shagonsa, Yasmin kuma jarrabawa ta saka ta a gaba. Na rubuto ne maimakon in kira, don maganar ba ta waya ba ce, kuma wanda ta shafa yanzu kullum yana kusa da ni.

Kin ji faɗuwar da Baban Hafsa ya yi a kwata, a Trans-Amadi, wata biyu da suka wuce. Likita ya ce hawan jini ne. Ya hana shi gishiri da jan nama, shi da ya shekara talatin yana fawa, ya kuma ce Asabar da Lahadi ko ƙofar kwata kada ya leƙa. Yara suka yi ƙoƙarinsu. Abdulhafiz ya aiko da talabijin babba, Hafsa ta ɗinko labule mai kauri da matasai, muka shimfiɗa sabon kafet. Falon ya yi kyau, Yaya, in kika shiga ba kya son fita. Sai dai mai falon bai iya zama ba. Asabar ta farko ya dawo daga sallar asuba na same shi yana saka takalmin roba na aiki, sai da na tuna masa. Ya yini yana kai da komo kamar baƙo, bai san inda muke ajiye kofuna ba, rimot ma Yasmin ce ta koya masa.

Ba zan ɓoye miki ba, na gaji. Kwana biyar ina gaban tanda a Mile One ina suyar masa, in dawo cikin keke mai ƙafa uku bayana kamar zai ɓalle. Da, Lahadi ita ce tawa: in yi wanki, in miƙe ƙafa, in kalli shirina har barci ya ɗauke ni. Yanzu girki biyu nake yi, nasa marar gishiri da namu, ga lissafin lokacin magani, ga lallashi. Ya ƙi fim, ya ce surutu ya yi yawa. Labarai kuma na hana shi, don suna tayar masa da hankali. A hankali dai muka saba. Bayan azahar sai in dama kunu, mu sauke labule, shi a doguwar kujera ni a ƙasa ina tsinkar alayyafo. Shekara ashirin da bakwai da aure, sai yanzu na san yana dariya idan ya ga ’yan dambe suna kirari.

Lahadi waccan aka nuno wani shiri na manoma a arewa, ana yankan gero, mata na sussuka. Ya zuba wa talabijin ido har kunun ya huce a hannunsa. Da aka gama sai ya ce in rage murya. Ya ce shi fa ya gaji da garin nan, kuma ba ya son a binne shi a ƙasar da ake haƙa kabari ruwa na tsattsafowa. Ya ce in mai da shi gida tun yana iya hawa mota da ƙafarsa. Bai taɓa yi mini irin wannan magana ba. Na ce ya daina, Allah ne Ya san gawar fari, amma da na shiga kicin sai da na daɗe ban fito ba.

Abin da nake roƙo, Yaya, ki sa ɗanki Hammadu ya je ya duba gidan su Baban Hafsa na unguwar Indabawa, ya ga ko ɗakuna biyun nan na baya za su zaunu. Kada kowa ya ji tukuna. Ni kaina ban san me nake so ba. A nan na haifi ’ya’yana, a nan masu sayen masata suke, Hafsa na gab da haihuwa, Yasmin kuwa ko mafarki da Turancin broka take yinsa. Amma jiya ya sake tambayata, idonsa a kan talabijin, bai ko juyo ba. Na ce masa in Allah Ya yarda, Hafsa na sauka, damina na wucewa, za mu tafi. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya gyara matashi, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin ya faɗi. Na zauna ina kallonsa, ban san ko gaskiya na gaya masa ba.

Ki gaishe mini da Malam, da Inna Arzika, da Ni’imatu da mai jego, da Auta. Ki ce Inna ta saka mu a addu’a, amma kada ki gaya mata dalili. In kin samu mai zuwa, ki aiko mini da garin kuka da daddawa, miyar ce kaɗai yake sha ba ƙorafi.

Taki ƙanwa,
Hajaratu.