Kujera a Sahun Gaba, Tsintsiya a Hannu

Anti mai ba da shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na koyi riƙe biro a ajin manya.

Mu dai a gida alhamdu lillahi. Maigida lafiyarsa ƙalau, in ban da gwiwar nan da ke hana shi hawa bene. Surukata tana fama da hawan jini, amma tana shan magani. Auta ta warke daga mura. Babbar 'yata kuwa jikinta garau, sai dai yau kwana shida ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma ni na jawo.

Ni mai shara ce a jami'a, shekara goma sha tara. Babban ɗakin taro a hannuna yake. Na san kujerar da ƙafarta ke rawa, na san tagar da sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. A jami'ar nan babbar 'yar tawa take karatun tarihi, tana shekarar ƙarshe. Ranar Alhamis mai zuwa za a yi taron tunawa da wani bawan Allah da ya rasu tun ina yarinya, wanda ya sha ɗauri don a daina ware talaka da lebura a makarantu da asibitoci da ofisoshi. Marigayi babana yakan ce albarkacinsa ya fara shiga ofis ta ƙofar da kowa ke shiga. An gayyato wata farfesa daga nesa, wadda ta daɗe tana bincike a kansa, kuma duk cikin ɗalibai 'yata aka zaɓa ta gabatar da ita.

Ta kawo mini katin gayyata, ga sunana ɓaro-ɓaro. Anti, ban taɓa samun takarda da sunana ba sai ta asibiti. Da kaina na karanta shi, har sau uku. Ta ce kujerata a sahun gaba take, kusa da ta farfesar.

Sai tsoro ya kama ni. Ni fa sahun nan goge shi na sani, ban san zama a kansa ba. In aka miƙo mini takardar tsarin taro, da yatsa nake bin layi, bakina yana motsi. In farfesar ta juyo ta yi mini maganar masu digiri fa? Ga malaman da nake kwashe wa kwandon shara, su dube ni su dubi yarinyar su ce ashe. Ga kuma abokan aikina. Mu ranar taro ta ƙofar baya muke shiga, mu zauna a ɗakin ajiyar tsintsiya har baƙi su watse, sannan mu fito tsince gorunan ruwa. Yaya zan harɗe a gaba suna leƙena ta tsagar ƙofa?

Shi ne na yi dabara. Ranar ba ni ke da aiki ba, sai na roƙi abokiyar aikina muka yi musanye, shugabanmu ya sa sunana a jadawali. Na ce in tsaya can baya da rigar aiki, in ga 'yata, in ji muryarta, ba wanda zai san uwarta ce. Ashe kwamitin ɗalibai ake kai wa jadawalin don su san wa ke riƙe da makulli. A wurinsu 'yata ta gani. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi ashe na fi son tsintsiya a kanta. Maigida sai tsokana yake, wai in tafi da tsintsiyar sahun gaba, in farfesa ta cika dogon bayani in share ta. Surukata ta ce 'yar zamani ce, za ta huce. Ni dai na san wadda na haifa.

Wallahi ba gudunta nake ba, kunya nake guje mata. Ranar Litinin ake rufe jadawali, daga nan ba sauyi. Don Allah ki amsa mini kafin Litinin.

Uwar 'yar jami'a


'Yar'uwa,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba maigida da surukarki sauƙi.

Tsoronki ba shirme ba ne. Akwai masu auna mutum da rigar aikinsa, kuma wadda aka shekara goma sha tara ana wuce ta ba sallama, kati ɗaya ba ya goge mata wannan. Amma kin yanke wa 'yarki hukunci ba ki tambaye ta ba. Ta san aikinki sarai, da idonta biyu ta sa sunanki. Abin da kika ɗauka rufin asiri ne, ita gani ta yi kin mayar mata da kyautarta. Ita ma da nata: shirun kwana shida ga uwa ya yi yawa, da ta tambaye ki dalili. Sai dai ke ce babba, ke za ki fara.

Yau ɗin nan ki zaunar da ita, ki gaya mata abin da kika gaya mini, har maganar yatsan. Kada ki jira Litinin, ki samu abokiyar aikinki da shugabanku a warware musanyen. Ki ce 'yarki ta kawo takardar tsarin taron gida ku bi ta tare, ranar sai dai ki riƙe ta don ado. In ma yatsan ya motsa, bar shi, da guminki kika koya masa hanya.

In farfesar ta juyo, ki gaishe ta, ki ba ta labarin babanki da ƙofar ofis. Irin wannan take tona takardu tana nema, ke kuwa a bakin mai shi kika ji.

Abokan aikinki kuma su ji daga bakinki, kada su gani ta tsagar ƙofa. 'Yarki ta roƙi kwamiti a ba su kujeru su saurari jawabin. Ana iya ƙi, amma a taron tunawa da wannan mutumin, da wuya bakin wani ya iya furta a'a.

Ranar Alhamis ki shiga ta ƙofar gaba, kamar babanki. Kuma tunda ke kika san kujerar da ke rawa, kada ki bari a ba ki ita.

Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya sa a yi taro lafiya.