Tantabarun Baba Jumare Sun Ƙi Tashi

Anti Mukarrama, don Allah ki ba ni shawara kafin Juma'a.

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, da hantsi, Yaya Ikrima ya aike ni in gaya wa ɗan hayan gidan da ya saya a Makarfi ya tashi kafin bikinsa. Ni aka zaɓa wai don na gama jami'a. Duk hanya ina bitar abin da doka ta ce game da notis.

Ɗan hayan, Baba Jumare, tsoho ne mai sayar da mazarƙwaila. Ko rabin bayanina ban kai ba ya hau yi wa auren addu'a. Kafin wa'adi ya cika ya yaɓe katanga, ya gyara indararo, ya share gida tas, ya koma wurin 'yarsa a Kudan. Ni dai ban taɓa ganin irinsa ba.

Sai dai tantabarunsa. Ya kwashe su a kwando, washegari suka dawo. Ya sake kwasa, suka sake dawowa. Da idona na ga sun sauko, kowace ta shige tukunyarta. Tun daga Kudan fa, Anti!

Jiya ya kira ni ya ce ranar Juma'a zai zo ya yanka su duka, kada su ɓata wa amarya tsakar gida. Har haƙuri ya ba ni.

Ni so nake in yi wa tsohon tayin ya bar su a gidan, amma ban san ko Yaya zai saurare ni ba. Ban san ko amaryar, Zulaihatu, tana son tsuntsaye ba. Ban kuma san ko tsohon zai ɗauki tayina a matsayin tausayi ya ƙi ba.

Ƙanin ango, Makarfi

Ɗana, ka ga dattako, kuma madalla da ka gane shi. Amma kada mamaki ya sa ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Gidan na yayanka ne, shara kuma Zulaihatu za ta yi, kashin tantabara ba wasa ba ne.

Yau ka kira Baba ka roƙe shi ya dakata. Ka kai yayanka ya gani da idonsa, ita kuma a tambaye ta ba tare da matsi ba. In ta yarda, a mayar da tukwanen bayan gida, Baba ya ɗebi 'ya'yan da ba su fara tashi ba, su za su saba da Kudan. In ta ƙi, ya kulle manyan a can har su yi ƙwai, sau da yawa sukan zauna.

Kada ka je masa da fuskar tausayi. Ka ce ya koya maka kiwonsu, ka kuma koya da gaske.

Allah ya sanya alheri a auren, ya saka wa Baba da gidan Aljanna.

Anti Mukarrama