Lambar da ta rabu gida uku

Talata da dare, Kafanchan

Tun rasuwar babanta, Rifkatu ba ta buɗe littafin lissafi ba, ga jarrabawa ta matso. Yau ina ɓare gyaɗa ta turo mini shi. "Mama, wai ko 4,718,523 za ta rabu gida uku daidai. Ni na gaji."

Ni da na tsaya a firamare! Sai na tuna wasan da marigayi yake yi da lambobin motoci a hanyar coci. Na ce ta haɗa alƙaluman lambar da ke littafin ɗaya bayan ɗaya. Suka ba da talatin.

Na ce, "Talatin tana rabuwa uku, to ita ma lambar za ta rabu."

Ta gwada a waya, ta kwashe da dariya. Na share hawaye, na gode wa Yesu.

Ta jawo kujera. "Mama, me kuma Baba ya koya miki?"