Malamin da ya zo auna kunyoyin gonarmu

Yaya Marjorie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Desmond da jikoki. Allah ya sa ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu nan Leicestershire lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat. Matata Hilda tana nan da tarinta, tumaki kuma sun haihu, amma kuɗin ulu bai kai a ambata ba.

Kin san ɗana Tobias ya ce ko dai mu nome makiyayar bayan coci mu shuka alkama, ko ya tattara ya koma birni, don kiwo ba ya riƙe gida biyu. Na yarda. Muna shirin sa garma sai ga wani malamin jami'a, Dakta Penrice, mai binciken yadda magabata suka yi noma. Ya kwanta rub-da-ciki a ciyawa yana leƙen tudun nan da muke tsallakewa muna yara. Wai kunyoyi ne na zamanin da duk ƙauye ke noma fili ɗaya, kowa da 'yar tsiririyarsa, kuma wai sun lanƙwashe ne saboda shanu takwas masu jan garma ba sa juyawa a ƙuntace. Hilda ta ba shi shayi, ya cinye mata biskit, ya ce zai roƙi hukuma ta hana taɓa wurin. Na ce masa kunyar da ba ta ba da hatsi ai kabari ce.

Na tambaye shi yadda aka yi ya san gonar. Ya ce a hoton jirgin sama ya gani. To, Yaya, biri ya yi kama da mutum. Hoton jirgi ne ya nuna masa ɓoyayyiyar ƙofar da ke cikin shingen ƙaya, wadda ya shigo ta cikinta? Da muka iso kusurwar itacen tuffa kuma, sai ya cire hularsa ya kewaye ta, bai taka ba. Ko Hilda ba ta san a nan muka zuba tokar gawar Baba ba. Ni da ke kaɗai ne ranar.

Ba na son zato, amma in ke kika turo shi, raina ya ɓaci ƙwarai. In tsoronki kada garma ta bi ta kan Baba, ai tuni na kafa turaku na ce wa Tobias kada ya kusanci kusurwar, ban ma faɗa masa dalili ba. Da ni kika tambaya, da kin ji. Yanzu takardar malamin ta tafi wurin hukuma, Tobias kuma ya fara neman ɗaki a Leicester.

Ki gaida Desmond, da Philippa da mijinta, da ƙaramin Rufus. Hilda na gaisuwa. Ki rubuto ki faɗa mini wanda zai riƙa yanke ciyawar kusurwar Baba in ƙarfina ya ƙare.

Ƙanenki,
Alban