Ƙanen Gajere

Illela, Agusta 1988

Zuwa ga bawana Mukhtari, a Kwatano.

Kai, mi aka yi maka a garin nan da za ka bar Sallar layya ta wuce ba ka tako ba? Hannunka ne ya karye, ko biro ya ƙare a Kwatano?

To, assalamu alaikum. Da faɗa na fara, don in na fara da gaisuwa zuciyata za ta yi sanyi in manta. Ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da cinikin gwanjo. Yaya ruwa wajenku? Mu nan damina ta zauna, tabkin Kalmalo ya cika har ya taɓa gonaki. Mahaifiyarka Goggo Hindatu lafiyarta lau, sai ciwon ƙafar nan. Ta ɓoye maka soyayyen nama cikin mai, ta hana kowa taɓawa, har ni da na feɗe ragon. In na shiga gaishe ta, bayana take fara dubawa kafin ta dube ni.

Akwatin wasan da ka bar mini shina nan. Na ɗora shi bisa teburin shayi gefen talabijin ɗinmu mai baƙi da fari, batirin mota a ƙarƙashi. Ran Lahadi in kasuwa ta ci, benci ba ya ɗaukar mutane. 'Yan Tozai da 'yan Darna, mutanen ƙauye, suna tsayuwa da kayansu a ka, kuma har yau wasunsu ba su yarda ni ke tafiyar da mutumin cikin gilashi da babban yatsana ba. Wani har bayan talabijin ya leƙa. Sun sa wa mutumin suna Gajere, tun da kansa ya fi jikinsa girma, takobinsa kuma ya fi su duka.

Ni ke ba su labarin da baki ina wasa, don rubutun da ke fitowa ba boko ba ne, ba ajami ba, ba kuma Faransancin jikin shagunan Ƙonni ba. Ka san ni. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni aji. Jikin manyan motoci da gwangwanin madara na koyi karatu, kuma takarda ba ta shigowa kasuwar nan ta gagare ni. Amma wannan awa kaji sun bi ta kan laka. Sai dai farkon labarin kowa ya gani da idonsa: wa da ƙane a ƙofar gida, wani ƙaton tsuntsu ya sauko ya sure ƙaramin, babban ya ɗauki takobi ya fita. Sauran kai ka gaya mini ranar da za ka tahi, kana ɗaure jaka. Ka ce ka ga ƙarshensa a wani shago a can: Gajere ya kashe macijin hasumiya, ya goyo ƙanensa, suka komo gida ana kiɗa, uwarsu ta fito da gudu ba ɗankwali. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ina cewa taubashina ya gani da idonsa.

Masifar akwatin, ba ya riƙe komai. Batir na mutuwa, duk tafiyar da ka sha ta tashi banza, ka koma ƙofar gida. Na ƙetare daji, na ƙetare kogi, na shiga kogon ƙasusuwa, kullum nan batir ke barina. Da kana nan da mun karɓi juna. Yanzu abin dannawa na biyu shina rataye a ƙusa. In mutane suka watse bayan la'asar, daga ni sai ƙudan da ke kan kwanon sukari.

Mutum ɗaya ne ba ya saurin tashi. Baba Dabo, masuncin Kalmalo, mahaifin Atiku da ya bi hanyar Agadas shekarar da aka rufe iyaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In ya sayar da kifinsa sai ya zo ya zauna ƙarshen benci, ya sha shayi ɗaya. Ran nan ya tambaye ni ko ana ba ƙanen Gajere abinci can inda aka ajiye shi. Na tuntsire da dariya, sai na ga shi bai yi ba. Na ce ana ba shi.

Ka gaida maigidanka. Ka rubuto ko layi biyu ne, malalacin banza.

Ubangidanka,
Maliki

Illela, Satumba 1988

Mukhtari bawana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya baƙunta? Goggo tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka naman ya fara wari ta raba wa maƙwabta. Ba ta ce in faɗa maka ta yi kuka ba, ni na ƙara.

Direban Kwatano da na ba saƙo ya rantse mini hannu da hannu ya ba ka takardata, ka karanta a gabansa, ka yi dariya, ka ce za ka rubuto. To na gode da dariyar.

Ga labari, ko ba ka tambaya ba. Malami bakanike ya kashe mini matsalar batir. Ya haɗa wayoyi masu baki awa na kada, yadda za a manna sabon batir kafin a cire tsohon, akwatin ba ya ko ƙyaftawa. Lahadin da ta wuce na fita kogon ƙasusuwa, na haye wata gada da ke rushewa bayanka, na isa gindin hasumiyar. Na ga ƙofarta da idona, Mukhtari. Hadari ne ya taso ya sa muka kwashe kaya, ba don haka ba da tuni an gama.

Na yi shela Lahadi mai zuwa ce ranar. Malami zai kawo batir na uku aro. Makaɗin mahauta ya ce zai zo da kalangunsa, tun da na ce ana kiɗa, kuma shi bai yarda da kiɗan cikin akwati ba, wai awa sauro ya shiga gora. Har wani dillalin shanu daga Ƙonni ya aiko a tsare masa wuri.

Ka san in lokacin salla ya yi akwai madannin da ke tsayar da komai. Da azahar na danna shi, Gajere shina tsakiyar tsalle, ya daskare a sama. Baba Dabo ya ƙi tashi alwala sai da na sauko da shi ƙasa, wai a bar bawan Allah ya huta shi ma. Duk aka yi ta dariya. Da muka dawo daga masallaci ya miƙo mini ƙullin busasshen kifi, ya ce daga matarsa Inna Lubabatu, don ƙarfin hannu. Ashe duk Lahadi in ya koma gida sai ya zauna ya ba ta labarin inda aka kwana. Ba ta taɓa ganin talabijin ba, amma ta san gadar nan, ta san kogon. Ta ce a gaya mini in yi sauri.

Kwanakin nan in na rufe rumfa ƙafata tasha take kai ni, in tsaya ina kallon masu sauka daga motocin Ƙonni. Ban san mi nake nema ba. Na sani mana. Har 'yan kamasho sun daina tambayata ina za ni.

Da a ce za ka iso kafin Lahadi, da kai zan miƙa wa abin dannawa a ƙofar ƙarshe. Wallahi da na yi.

Ka huta lafiya.

Naka,
Maliki

Illela, Oktoba 1988

Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Goggo lafiya, an fara yankan gero, kowa lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Tun hantsi na fara ranar Lahadin da na yi shela. Mutane sun cika rumfa sun toshe hanyar masu tumatir har aka yi cacar baki. Malami shina durƙushe ƙarƙashin tebur da wayoyinsa, gumi na ɗiga bisa batir. Na bi daji, kogi, kogo, gada, ban faɗi ko sau ɗaya ba, yatsana ya san hanyar fiye da hanyar gidanmu. Bayan la'asar na hau hasumiya. Macijin ya cika rabin gilashi, shina tofa wuta. Duk saran da na kai masa sai kasuwa ta ɗauki ihu. Da ya fashe ya zama ɗigo-ɗigo, wata ƙofa ta buɗe bayansa, makaɗi ya gyara kalangu a hammata ya ɗaga sandar kiɗansa. Na shigar da Gajere.

Sai gilashi ya yi baƙi.

Ba ƙane, ba goyo, ba uwa, ba gida. Layi uku na rubutun kajin nan, fari bisa baƙi, da wata 'yar busa awa kukan gyare. Muka jira. Malami ya taɓa wayoyi ya ce wuta lau take. Hannun makaɗi shina sama har ya gaji ya sauke.

Baba Dabo ya taso daga ƙarshen benci, aka buɗa masa. Ya zo ya ɗora yatsa bisa rubutun, ya ce da ni, ɗana, mi aka ce nan, sun isa gida? Kowa na kallon bakina. Ka san duk Illela ba mai kama ni in na ce sun isa. Kalma ɗaya ce, a buga kalangu, a watse. Ban taɓa rasa magana ba tun da aka haife ni. Amma na dubi yatsan nan da ƙugiya ta tsattsage, na kasa. Na ce ban sani ba, Baba, ban iya karanta shi ba. Gaban 'yan Tozai, gaban mutumin Ƙonni, ni Maliki na faɗi haka.

Sai na ce ƙila sai an danna a ga sauran. Na danna. Ƙofar gida ta fito, wa da ƙane suna tsaye, tsuntsu ya sauko ya sure ƙaramin. Yatsan tsohon na bisa gilashin.

Wani mahauci ya ce to ai tsuntsun nan ya fi Gajere riƙon sana'a. Rumfa ta fashe da dariya. Wani ya ce a ba malam Maliki tabarau. Tun ranar, in na ratsa tasha sai in ji an ce ga Sun-Komo-Ana-Kiɗa nan. Na zagi biyu, na kusa dambe da ɗaya. Yanzu ran Lahadi mutane suna shan shayinsu a tsaye su wuce, ba mai kallon talabijin.

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Baba Dabo bai yi dariya ba. Lahadi ta zagayo sai ga shi da sandarsa. Ya ce ya yi tunani, ƙila akwai ɗakin da muka tsallake, tun da wanda ya gani da ido ya ce ana samunsa. Na sake bi tun daga farko, daga ni sai shi sai Malami. Ba ramin da ban shiga ba, ba bangon da ban sara ba. Baƙin gilashin nan dai, da layi uku. Ya yi mini godiya. Ya ce bai gaya wa Inna Lubabatu ba tukuna, ce mata yake har yanzu ana hanya. Ya ce sai Lahadi.

Ina son in ga wanda ya ƙera abin nan. Wane irin mutum ne zai sa ka ƙetare duniya, ka mutu ka tashi ka mutu ka tashi, sannan ya kashe fitila a ƙofar ɗaki? Gajiya ya yi? Kiransa aka yi cin abinci? Ko tsohuwar da gyangyaɗi ya ci ƙarfinta ba ta barin tatsuniya sai ta faɗi inda kowa ya ƙare. Amma shi ban san garinsu ba, ban san yarensu ba. Kai na sani.

Ka gani ko ba ka gani ba? Ko dai ka ba ni akwatin da labarin ne don in samu abin kallo, kada in tsaya kallon hanya? In haka ne ka cuce ni, amma ni taubashinka ne, tsakaninmu ya wuce. Tsohon nan ba taubashinka ba ne. Da ƙafa yake tahowa daga Kalmalo.

Ka gaida maigidanka da duk wanda ya san ni.

Kada ka rubuto mini takarda in karanta ni kaɗai a ɗaki. Da sunanka na yi magana tsakiyar kasuwa, tsakiyar kasuwa za ka amsa. Ka zo ran Lahadi ka tsaya gaban teburin nan. In ba ka iyawa, ka sami rikoda ka ɗauki muryarka a kaset, ka faɗi sunanka da na ubanka, ka ba direba. Zan kunna shi lokacin da kasuwa ta cika, Baba Dabo na zaune. In ka ga yaron, ka faɗi hanyar da aka bi aka same shi, zan bi ta ko yatsana zai tsinke. In ba ka gan shi ba, ka faɗa wa tsohon da bakinka, kowa na ji, don ya san abin da zai je ya gaya wa matarsa.

Maliki