Na kira ɗana, gwaggonsa ta ɗauka

Assalamu alaikum Hajiya mai filin shawara. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Da girmana na koya a makarantar matan aure ta nan Kankia, ban so in sa wani ya rubuta mini ba saboda maganar ta ciki ce.

A kan ɗana na fari ne. Kin san yadda muke da ɗan fari, ban taɓa kama sunansa ba, Babba nake ce masa, shi ma sai ya zama dole. Ana yaye shi yayar mahaifinsa, Yaya Sodangi, ta goya shi ta tafi da shi Mawashi, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ban ce uffan ba, a lokacin wadda ta tanka ita ce marar kunya. In ya zo gaishe ni ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in kau da kai in ce yaya mutanen Mawashi. Iyakar hirarmu ke nan har ya yi gemu.

Bayan sallar layya ya samu aikin jinya a Saudiyya. Ranar da ya zo sallama na haɗa masa kuka da daddawa da yaji, na ba ƙanwarsa Salma ta miƙa masa, ni ina ɗaki. Da motar ta tashi sai na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Wallahi Hajiya, saboda shi na shiga makaranta tun farko, don in iya nemo lambarsa a waya da kaina, ba sai na miƙa wa yara ba. Na haddace ta tsaf, amma ban taɓa danna ta ba.

Ran nan mutanen gida sun tafi suna, na rufe ɗaki na danna. Ta shiga. Ana ɗauka ban san lokacin da sunansa na yanka ya fito daga bakina ba, cikakke. Sai na ji muryar Yaya Sodangi tana tambaya ko lafiya. Har kukan awakinta ina ji. Na kashe wayar.

Daga baya Salma ta ce ai layin nasa bai tafi da shi ba. Wai in aka daɗe ba a amfani da layi kamfani yana ƙwacewa ya sayar wa wani, shi ya sa ya bar wa gwaggonsa ta riƙa kira da shi. To ni ba ni da waya ne? Ni da nake cikin gari, ga wuta, ga shi na iya karatu. Ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, a bakin zane take ɗaure wayar. Yanzu abokansa ita suke kira. Wurin wani biki a bakinta na ji wai ya samu ɗaki, wai ya yi ƙiba. Ni na ɗauki cikinsa, amma labarinsa sai na tsinta a taro kamar maƙwabciya. Kuma har yau ba ta tayar mini da zancen kiran nan ba, shirun nata ya fi cin raina. Na daina zuwa gaishe ta. Maigida ya ce yarinta nake yi da furfurata.

Hajiya, in aika Salma ta karɓo layin ne? In yana hannuna zai riƙa kirana? Ko ana iya raba layi biyu? Tsorona kada ya zauna can shekaru, in mutu bai taɓa jin na kira shi ba. Ta ɗauke shi yana ƙarami na yi shiru, yanzu kuma har lambarsa.

Uwar Babba, daga Kankia

AMSA

Wa alaikumus salam, Uwar Babba. Rubutunki ya fita sarai, Allah ya saka wa malamarki.

Bari mu fara da waya, don ita ce mai sauƙi. Abin da Salma ta gaya miki haka yake. Layin da aka bari ba kira ba kati na tsawon watanni yana iya mutuwa, kuma da yawa asusun banki da sauran harkokin mutum suna ɗaure da shi. Tafiya da shi waje kuwa tsada gare ta. Ɗanki dabara ya yi. Ba a raba layi biyu, kuma ko kin karɓo shi ba zai kai ki gare shi ba, wayarki kawai za ta riƙa ƙara da kiran abokansa.

Amma lambar nan ƙofa biyu gare ta. Kira na kati Mawashi yake zuwa. In bai sauya lambar WhatsApp ɗinsa ba, kiran da aka yi ta can a hannunsa zai yi ƙara, a Saudiyya. In ya sauya, Salma ta sani. Ki sa ta nuna miki a babbar waya, wadda ta koyi baƙi da girmanta wannan ba zai gagare ta ba. A kuma ja kunnen gwaggo, duk wanda ya kira ya nemi lambobin da aka turo wa layin, kada ta ba shi.

Kishinki ba yarinta ba ne, uwa ce ke. Sai dai ki duba ta ɓangaren yaron. Tun tasowarsa kina kau da kai, shi ma ya koyi kau da nasa. Ta yaya zai kawo miki layi ya ce ki riƙa kira, alhali bai taɓa ganin kiranki ba? Kunyar da kika koya masa ce ya yi miki. Ita kuma Sodangi ta yi goyo, ta yi jinya, tana da haƙƙi. Shirun da take yi ni sutura na gani a ciki. Ta ji abin da ba don kunnenta aka faɗa ba, ta rufa miki asiri. Da mai neman tozarta ki ce, da tuni zancen ya zaga Mawashi da Kankia. Ki shirya ki je ki gaishe ta, ki bar mata layin.

Na lura duk tsawon wasiƙarki ba ki rubuta sunansa ba. Kara ado ce, amma ba farilla ba ce, kuma kin riga kin biya ta da yawa. Ranar Juma'a ki sake rufe ɗakin nan, ki bi ta ƙofar da ta dace, ki faɗi sunan kamar yadda kika faɗa a farko. Wannan karon mai shi ne zai amsa.

Allah ya tsare shi a baƙon wuri, ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa fuskokinku da alheri.